Yadda ake fitar da ƙusar da ta cije a tsohuwar bindiga mai baki biyu

Tsohuwar bindiga mai baki biyu, irin wadda bututunta ke kwance kafaɗa da kafaɗa, takan shekara sittin ko tamanin ba wanda ya leƙa cikinta. A waje ana goge ta ana shafa mata mai, a ciki kuwa man da maƙerinta ya sa tun farko ya bushe ya koma kamar ƙaro. Ran da ka tashi kwance ta, sukuru biyu ko uku za su fito lami lafiya, sai ka iso wata 'yar ƙusa da ba ta kai kaurin fensir ba, ta ce atafau ba inda za ta. A daidai wannan gaɓar ake lalata yawancin bindigogin nan, domin hannu yakan riga tunani kai wa ga babbar guduma.

Abin da aikin ya koya mini shi ne, ƙusar da ta ƙi fita akwai abin da ke riƙe da ita, kuma sau da yawa ba tsatsa ba ce. Ko dai wani ƙaramin sukuru ya kulle ta daga wani lungu, ko sifirin ya danne ta, ko kanta ɗaya ya fi ɗayan kauri kana kora ta ta inda ba za ta bi ba, ko wani ya taɓa dukanta bakinta ya baje. Sai ka kawar da waɗannan huɗun kafin ka ɗora wa tsatsa laifi.

Kafin komai

Karya bindigar, wato ka buɗe ta a gwiwarta, ka duba ɗakunan harsashi biyun da ido, ka kuma zura yatsa. Kada harsashi mai rai ko ɗaya ya kasance a ɗakin da kake aiki. Cire katakon gaba, tura libar sama gefe, wato libar da ke saman bindigar, sauke bututun ka ajiye su can gefe a kan tsumma. Abin da ya rage a hannunka shi ne ƙota da dunƙulen ƙarfen nan na tsakiya da ke ɗauke da injin, wanda zan riƙa kira uwa.

Ɗauki hoto ta kowace fuska, ka matso da kyamarar kan kowace ƙusa. Sannan ka nemi kwali ka zana siffar bindigar a kai, duk sukurun da ya fito ka soka shi a gurbinsa na zanen. Dalili kuwa, a bindigogi masu daraja an daidaita kowane sukuru da raminsa, ta yadda in aka ɗaure shi tsagar kansa za ta miƙe ta bi tsawon bindigar. Ka musanya na dama da na hagu, tsagar ta karkace, ko kan ya ɗago sama da fuskar ƙarfen. Kuma ba abin da za ka je ka sayo madadinsa ba ne. Ko da yake Joseph Whitworth ya fito da ma'aunin zaren sukuru na bai-ɗaya a Ingila tun 1841, maƙeran bindiga da yawa sun ci gaba da yanka zarensu na gida. Wanda ya lalace sai an sassaƙo sabo a injin gurza ƙarfe, a sake zana masa ado.

Wani abu da ke rikita mai karanta littattafan gyara: maƙeran Ingila da kalma guda suke kiran sukuru mai zare da fil marar zare. Don haka in littafi ya ce ka fitar da ƙusa kaza, kada ka ɗauka bugawa ake yi. A nan zan raba su: fil shi ne santalele wanda ake korawa, sukuru shi ne mai zare wanda ake murɗawa.

San irin bindigar da ke gabanka

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai bokslok, wadda injinta ke cikin uwar kanta. Asalinta ƙirar William Anson da John Deeley ce, ma'aikatan kamfanin Westley Richards na Birmingham, waɗanda suka yi mata rajista a 1875, daga nan maƙera a Liège ta Beljiyam da Eibar ta Sifen da Amurka suka yi ta kwaikwayo. A gefen irin wannan uwar za ka ga kawunan ƙusa uku a jere: ta gaba tana ɗauke da maɗani, wato ƙarfen da ke ɗana bindigar in an karya ta, ta tsakiya tana ɗauke da mabugi, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi, ta baya tana ɗauke da maƙalin da ke riƙe mabugin har sai an ja kunama. Waɗannan ukun su ne suka fi ba mutane wahala.

Akwai kuma saidlok, wadda injin kowane bututu ke manne a jikin farantin ƙarfe da ke gefe, irin ta Holland & Holland ko L.C. Smith ta Amurka, haka ma tsofaffi masu mabugi a waje. A fuskar farantin za ka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo zagayayyu, biyar ko bakwai ko fiye. Kada ka kuskura ka ɗora musu fanci, wato ɗan sandan ƙarfen da ake dafawa a kan ƙusa a buga da guduma. Ƙarshen sukurori ne da aka ɗaura daga ciki, da ƙafar sifirin, da sandar da mabugi ke juyawa a kai. Wanda ya buge su daga waje ya tsinke zaren farantin ke nan. Yadda ake cire farantin shi ne a ɗana bindigar, a sassauta dogon sukurun da ya ratsa daga wannan faranti zuwa wancan zagaye biyu ko uku, a ɗan ƙwanƙwasa kansa da ƙotar sukundireba har farantin can gefen ya ɗago, sannan a zare sukurun, a zura siririn tsinke ta ramin a turo ɗayan. Ba a ɓamɓarar faranti da bakin wuƙa, domin katakon da ke zagaye da shi siriri ne ƙwarai, yana ɓallewa.

Babbar ƙusar gwiwa da bututun ke juyawa a kanta kuwa, bar ta inda take. A wasu bindigogin da injin matsi aka cusa ta, a wasu an murɗa ta an rufe kanta da marfi, a wasu ma jiki ɗaya suke da uwar. Wanke inji ba ya bukatar fitarta, kuma in ta motsa, zaman bututu a fuskar uwa yakan saki.

Wanke, ka duba, ka auna

Da tsohon buroshin haƙori da kananzir ka wanke kewayen ƙusar ta fuska biyu. Sa tsinken katako ko na tagulla ka kwakule duk wani rami da tsaga. Sannan ka kawo fitila mai haske da gilashin ƙara girma.

Farkon abin nema shi ne sukurun kulle. A bindigogin Beljiyam da Jamus da Sifen sau da yawa yana fili, ɗan ƙarami a gefen kan ƙusar, bakinsa ya shiga cikin nata. A na Ingila da yawa kuwa a ɓoye yake, sai ka cire farantin ƙasan uwar za ka gan shi ya sauko daga ciki ya danne fil ɗin. Ni kaina na taɓa kwana biyu ina dukan fil ɗin mabugi na wata tsohuwar bokslok, ina zuba mai ina ƙara ƙarfi. A rana ta uku na juya uwar ina kankare wani baƙin datti da na ɗauka tabon ƙarfe ne, sai ga tsaga ta bayyana, sukuru ne da kansa bai fi milimita 2 ba. Da na kwance shi, fil ɗin ya fita da bugu biyu, amma na riga na karya tsinin sukurun, na kuma ja wa fil ɗin dogon karce a ciki. Har yau ina ajiye da shi a gwangwanin kan tebur.

Na biyu, duba ko kan ƙusar na da tsaga, ko da ta shafe. Wasu ƙusoshin da ke kama da fil suna da ɗan gajeren zare a wuya, murɗe su ake yi kafin a ja.

Na uku, auna kai biyun da ma'aunin kauri mai nuna ɗigon milimita. In ɗaya ya fi ɗaya, fil ɗin mai tsukewa ne, kuma ta siririn kan ake bugawa, ya fita ta wajen mai kaurin. Fil mai tsukewa na kasuwa yana raguwa da kashi 1 cikin 48 a ma'aunin inci, ko 1 cikin 50 a na mita, wato a faɗin uwa mai milimita 40 bambancin ya kusa milimita ɗaya, ido ma zai gani. Amma wanda maƙeri ya gurza da hannu bambancinsa kan yi ƙanƙanta, sai ma'auni. Za ka ji ana cewa ƙa'ida ita ce fil na fita daga hagu zuwa dama in bakin bindiga na kallon gaba. Sau da yawa haka ne, amma ban yarda in dogara da ita ba a bindigar da ta ratsa hannun masu gyara uku ko huɗu. In kawunan sun shafe da fuskar ƙarfe ba ka iya kama su da ma'auni, auna bakin ramin, ko ka kula da gefen da aka yi wa zanen ado mai kyau, galibi shi ne kan da ya shiga daga ƙarshe.

Na huɗu, duba bakin fil ɗin ko ya baje kamar laimar kwaɗi, da bakin ramin ko akwai 'yan ɗigon da aka daddatsa don a matse fil da ya yi sako-sako. In ya baje, ko dai ka kora shi ta yadda bajajjen kan zai fara fita, ko ka rufe kewayen da salatif na takarda ka rage leɓen da siririn dutsen washi. Kora bajajjen kai ta cikin rami yana buɗa ramin har abada.

Sauke ƙarfin sifirin

Wannan mataki ne da masu gaggawa ke tsallakewa. Babban sifirin bokslok, mai siffar V, yana kwance cikin uwar yana tura mabugi da ƙarfin gaske. Muddin bindigar na ɗane, fil ɗin mabugi da na maƙali a matse suke ta gefe, ko babu ɗigon tsatsa ba za su motsa ba. Dafa guntun katako mai tauri a fuskar uwar, daidai ramukan da tsinin mabugi ke leƙowa, ka ja kunama ɗaya bayan ɗaya. Katakon ne zai karɓi bugun, kada tsinin ya karye. In ka riga ka cire ƙota da kunamun, ɗaga wutsiyar maƙalin da yatsa ko da tsinke.

Ko bayan an sauke, da sauran ƙarfi a sifirin. Don haka fara da maƙalai: kwance ƙananan sifirinsu, kore fil ɗinsu. In ka zo kan mabugi, matse uwar a bayis, wato mamatsin tebur, mai leɓen fata ko dalma, ka danna mabugin ciki da guntun katako ko tagulla da ka yi wa ƙwarya daidai bayansa, har ka ji nauyin ya sauka daga kan fil ɗin, sannan wani ya buga maka. Galibi fil guda ne ya ratsa mabugin dama da na hagu, saboda haka kora shi rabi kawai, fancin ya maye gurbinsa, ka saki mabugi ɗaya a hankali, sannan ka koma kan ɗayan. Sa tabarau na kariya, ka kuma lulluɓe wurin da tsumma. Sifirin nan in ya kuɓuce yana iya tsallake ɗaki, kuma ido ba shi da madadi.

A saidlok da ɗan mamatsin sifirin ake kama shi, wanda aka yi don wannan aikin. Filaya tana karce shi, kuma daga karce sifirin ke fara karyewa. Matse shi iyakar yadda zai saki mabugi, kada ka haɗe ƙafafunsa biyu.

Mai, da jira

Yanzu ne aka iso tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, shi ya sa take cika 'yar tazarar da ke tsakanin fil da rami ta ɗaure su tamau. Ana bukatar mai mai ruwa-ruwa da zai sulale ciki. Kroil da PB Blaster an san su da wannan aiki. Masu gyara da yawa suna haɗa nasu: rabi asiton, rabi jan man giyar mota mai canja giya da kanta, a girgiza kafin kowane amfani domin suna rabuwa. Sai dai asiton na kama wuta, yana kuma cinye fentin ƙota cikin ƙiftawar ido. WD-40 aikinsa na asali korar danshi ne, ban cika samun biyan bukata da shi a nan ba.

In ka samu ka raba uwar da katako, nutsa ta gaba ɗaya cikin gwangwanin kananzir ko man, ka rufe. In ba haka ba, ɗiga mai a kai biyun safe da yamma. Kowane lokaci ɗora fancin tagulla a kan fil ɗin ka yi masa 'yan ƙwanƙwasa ashirin ko talatin marasa ƙarfi, ta nan da ta can. Girgizar ce ke farfasa tsatsar ta buɗe wa mai hanya. Kwana uku ba su yi yawa ba, mako guda ma ba asara ba ne ga abin da ya shekara tamanin a wurin. Alamar nasara ita ce ka ga man da ke tsattsafowa ta ɗaya kan ya yi ja-ja.

Ruwan cire tsatsa na kanti da duk wani ruwa mai tsami ka nisanta su da bindigar. Baƙin launin da ke jikin ƙarfen shi ma wani nau'in tsatsa ne da aka yi da gangan, tare za su wanke shi.

Bugu

Kwantar da uwar a kan dunƙulen katako mai tauri ko na roba mai ƙarfi wanda aka huda, ramin ya zo daidai ƙarƙashin fil ɗin. Ɗora dunƙulen a kan tebur daidai saman ƙafarsa, inda ba ya lilo. In uwar na rawa ko teburin na girgiza, rabin bugunka a banza yake tafiya. Zagaye ramin da salatif ninki biyu ko uku saboda ranar da fanci zai zame.

Fanci iri biyu ake bukata, kuma a nan mutane ke kuskure. Dogon siririn nan mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa na rakiya ne, bayan fil ya riga ya motsa. In ka fara da shi lanƙwashewa zai yi, ko ya karye ya bar maka tabo a kan zanen ado. Na farawa gajere ne, kakkaura, mai tsukewa zuwa baki, bakinsa shafaffe kuma ya ɗan gaza fil ɗin faɗi kaɗan. In ba ka da shi, yanke karyayyen fanci ka bar tsawon milimita 5 ko 6, ka daidaita bakin. In kan fil ɗin a dunƙule yake kamar ƙwai, nemi fanci mai ƙwarya a baki don kada ka baje shi. Tagulla ba ta cutar da ƙarfe, amma a siririn fil da ya cije ita ce ke bajewa kafin ya ji komai. Ta ƙwanƙwasa ce, ta kora kuwa sai ƙarfe.

Guduma mai nauyin giram 150 zuwa 250 ta isa. Riƙe fancin a tsaye cak, ka danna shi sosai a kan fil ɗin kada ya yi tsalle, ka ba shi bugu ɗaya mai kyau, kai tsaye. Tsaya ka duba. Bugu uku ko huɗu masu nauyi sun fi hamsin na tsoro, domin ƙananan bugu da fancin ƙarfe bakin fil kawai suke bajewa, kamar mai yin ribit. Kasa kunne kuma: muddin fil na cije, ƙarar tana fita tsaf kamar ƙararrawa, ran da ya motsa sai ta koma dum. Shafa ɗaya gefen da yatsa, in ka ji kan ya ɗago ko da kaurin farce ne, an gama mai wuyar. Ƙara mai, ka mayar da shi ciki, ka sake korowa, sau biyu ko uku, sannan ka ɗauko dogon fanci ka raka shi waje.

In bugu biyar masu kyau ba su yi komai ba, ajiye gudumar. Gwada matsi: sa guntun ƙarfe mai tauri gajere a kan fil ɗin, a ɗaya gefen ka sa ƙaramin soket da fil zai faɗa ciki, da fata tsakaninsa da uwar, ka haɗa duka a bayis ka murɗa sannu a hankali. Sau da yawa za ka ji ƙas, ya saki.

Zafi, da iyakarsa

Ƙarfe na buɗewa da zafi, amma kaɗan ne: fil mai kaurin milimita 5 in ya ƙara digiri 100 na zafi, abin da zai ƙaru bai wuce milimita 0.006 ba. Wannan ɗan motsin, buɗewa da komawa, shi ke fasa tsatsa, zafin kuma ya narkar da busasshen mai. Don haka ba a bukatar wuta mai yawa. Ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo, babba, shi ne ya fi dacewa: dafa bakinsa a kan ƙusar minti biyu ko uku, ɗauke, ɗiga mai yana sanyi yana tsotsewa ciki, ka bari ya huce sarai kafin ka buga. Maimaita sau uku ko huɗu. In uwar tsirara take, ba katako ba sifirin, za ka iya ɗumama ta da injin hura iska mai zafi har ɗigon ruwa ya fara cuwa a kanta, ka tsaya nan.

Wutar gas kuwa ban ba ka shawara ba. Wajen digiri 220 ƙarfe mai haske ke fara sauya launi zuwa ruwan ciyawa busasshiya, wajen 300 ya koma shuɗi, kuma kafin nan ka fara taɓa taurin sifirin da na bakin maƙali, ka dusashe launukan nan masu kama da bakan gizo da ke jikin uwar. Bututun sun fi haɗari: dogayen ƙarafan da suka haɗa su sama da ƙasa, a yawancin tsofaffin bindigogi da haɗin kuza da dalma aka like su, wanda ke narkewa tun daga digiri 183. In ƙusar da ta cije a jikin bututu take, kamar ɗan sukurun da ke tare maciro harsashi, mai da haƙuri kawai.

In sukuru ne

Rabin aikin a bakin sukundireba yake. Ta gida bakinta kamar gatari yake, tana hawa sama in an murɗa, ta yage leɓen tsagar. Wadda ake so bakinta ɓangare biyun a miƙe suke, ta cika tsagar a kauri da faɗi da zurfi. Tsagar sukurorin Ingila siririya ce ainun, don haka sai ka zauna ka gurza baki na musamman ga kusan kowane sukuru. Minti goma ne, kuma su ne suka raba aikin gwani da na ɗan koyo. Kwakule tsagar har ƙasa tukuna, in ba haka ba bakin a kan datti zai zauna.

Matse bindigar a bayis, sa bakin a tsagar, ƙwanƙwasa bayansa sau da yawa, danna da nauyin jikinka, ka fara ɗan murɗawa ta wajen ɗaurewa kafin ka juyo ta kwancewa. In ya ƙi, ga dabarar da ta fi kowace: ɗaura bakin sukundireban a injin huda na tebur, zare wayar injin daga wuta, daidaita bindigar a ƙasa ka ɗaure ta, sauko da hannun injin ka danne sukurun, sannan ka juya kan injin da ɗaya hannun. Bakin ba shi da hanyar tsallewa. Sukundireban nan da ake dukan bayanta da guduma ta makanikai ce, tana tsinke kan sukurun bindiga.

Sukurori biyu da suka ratsa katako su ne suka fi taurin kai: babban da ke ƙarƙashin libar sama, wanda sai ka tura libar gefe ka gan shi, da na bayansa da ke tasowa daga ƙasa, a ɓoye ƙarƙashin wutsiyar garkuwar kunama. Garkuwar kanta, bayan ka cire sukurorin wutsiyarta, ɗaga wutsiyar kaɗan ka juya ta gaba ɗaya, domin a yawancin bindigogin nan gabanta zare ne. Masu ɓamɓara suna karya ta. Katakon walnot yana riƙe danshi, yana kuma da sinadarin da ke cin ƙarfe, sai jikin sukurun ya kumbura a ciki. A nan kada ka malala mai, domin kan ƙotar da ya sha mai laushi yake yi ya tsage. Ɗigo ɗaya ko biyu a ƙarshen zaren, inda ya leƙo ta ɗaya gefen, da zafin ƙarfen narka dalma a kansa. In ya fara juyawa, yi gaba yi baya, kwata-kwatan zagaye, kana kallon katakon da ke bakin ramin kada ya ɗago tare da shi.

Mai L.C. Smith ya sani tun kafin ya cire farantin kunama cewa sifirin libar sama zai ture sandarta gefe, kuma mayar da ita sai da ɗan kayan aiki na musamman. Tanade shi tukuna.

Hudawa

Wannan ce makoma ta ƙarshe, kuma in bindigar mai daraja ce ko ta gado, a nan ya kamata ka nannaɗe ta ka kai wa maƙerin bindiga mai lasisi, wanda ke da injin da zai huda ba kuskure. In kai za ka yi, sai a injin tebur, bindigar a ɗaure, ba da diril na hannu ba. Daidaita kan ƙusar, datsa ɗigo a tsakiyarta cif, fara da siririn baki kamar milimita 1.5, ka riƙa ƙarawa.

Ga fil, huda kamar kashi biyu cikin uku na kaurinsa, kuma kada ka fasa ta can, bar masa gindi. Zura fanci cikin ramin ka bugi gindin. Yanzu bugun jan fil ɗin yake yi daga can ƙasa, yana miƙewa yana sirancewa, maimakon kumburar da yake yi in an buge shi daga sama. Ga sukuru, bakin diril mai juyin hagu ya fi, domin sau da yawa yana cikin ci sai ya kama sukurun ya kwanto shi. In bai yi ba, ci gaba har bangon ya zama kamar takarda, ka tsince ragowar zaren da tsinke. Maciro sukurun nan mai tauri da ake sayarwa kada ka sa shi a abu ƙarami haka. In ya karye a ciki, ya fi bakin diril tauri, sai injin da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki. Ka kuma tuna fatar uwar an taurara ta, cikinta kuwa da laushi, don haka bakin da ya kauce daga ƙusa zai zame a waje, ya ci rami a ciki. Guntayen da suka fito kada ka zubar, da su mai sassaƙa sabo zai gane kauri da tazarar zaren.

Bayan ta fito

Goge fil ɗin da lallausan soson ƙarfe mai lamba 0000 da mai, tsatsar kawai za ka cire. Magagari ko takardar yashi mai kaushi za su rage masa kauri, gobe ya riƙa fita da kansa in ana harbi. Gangara shi a kan gilashi ka ga ko ya lanƙwashe. In ka ga wani ɗan mataki a inda mabugi ke juyawa, cin shekaru ne, kuma wataƙila shi ya riƙe shi tun farko; irin wannan sai sabo. Ramin kuma wanke shi da ɗan buroshi da kananzir har tsumma ya fito fari.

Yi wa kan da ya fara fita alama a kwalinka, domin ta inda ya fita ta nan zai koma. Wajen mayarwa, fara zura fanci ko guntun tsinken ƙarfe mai ɗan tsini daga ɗaya gefen ya jera maka mabugi da ramukan, shafa wa fil ɗin man giris kaɗan, ka biyo da shi yana tura tsinken waje. In akwai ɗan gurbi a jikinsa na sukurun kulle, juya shi ya fuskanci ramin sukurun tun kafin ya gama shiga. Da guduma mai kan tagulla ko roba za ka ƙarasa shi, har kan ya shafe da fuskar uwar. Kafin ka mayar da bututu da katakon gaba, dafa ƙarshen maɗanan biyu a bakin teburin katako ka danna har ka ji ƙas ƙas, bindigar ta ɗanu, in ba haka ba katakon gaban ba zai zauna ba.